Bayan Takardar Gwaji: Wayar da Kai da Tallafa wa Masu Ciwon Hanta a Ƙasar Hausa

Tsakure

Takardar nan ta dubi halin da masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B suke ciki a arewacin Nijeriya, da irin wayar da kan da ake yi a kansa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, gwaji ya yawaita a wajen ba da jini da neman aiki da shirin aure, amma ba a tanadar wa wanda aka samu da cutar inda zai nufa ba. Daga nan tsoro da ƙyama suke samun gindin zama, masu tallar maganin ƙarya kuma su sami kasuwa. An dogara da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, da binciken ƙasa na 2018, da abin da aka gani a Gambiya da Masar da Sin, domin nuna cewa kayan aikin da ake buƙata suna nan, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Takardar ta fi tsayawa a kan ranaku biyu: ranar da aka miƙa wa baligi sakamakonsa, da ranar da aka haifi jariri a ɗakin uwarsa.

1.0 Gabatarwa



Hanta ce mafi girma a cikin kayan cikin ɗan Adam, nauyinta a jikin baligi ya kai kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace abin da muka ci da abin da muka sha, ita ke adana sukari, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Tana da haƙuri ƙwarai, kuma wannan haƙurin shi ne tushen matsalar. Ƙwayar cuta tana iya shekara ashirin ko talatin tana cin hanta kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ba a ganin komai sai ranar da rufi ya rufto. Mutum yana noma, yana kasuwa, yana aure yana haihuwa, ba ya jin ko ciwon kai. Ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ko aka fara aman jini, galibi an makara.

Abubuwan da ke lalata hanta suna da yawa: barasa, da kitse mai taruwa a hantar masu ƙiba da masu ciwon sukari, da shan magani fiye da ƙima, da tsutsar da ake ɗauka a ruwan fadama da na noman rani. Akwai kuma nau'in A da E masu bin gurɓataccen ruwa, kamar annobar nau'in E da ta auku a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, wadda ta fi kashe mata masu ciki. Duk da haka zan taƙaita a kan nau'in B, in taɓo nau'in C a gurguje, domin B ɗin ne ya fi cika gadajen asibitocinmu da masu ƙeƙashewar hanta da sankarar hanta.

2.0 Girman matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma na ɗauke da nau'in C. A wannan shekara su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3, wato kimanin 3,500 kowace rana, kashi 83 cikin 100 na mace-macen kuma daga nau'in B suka fito. Cikin masu ɗauke da B, kashi 13 cikin 100 kacal aka gano, waɗanda suka sami magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Yankin Afirka shi ke da kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da nau'in B.

A gida Nijeriya, binciken NAIIS na 2018, wanda aka shirya shi musamman domin cutar ƙanjamau, ya haɗa da gwajin hanta. Ya sami kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 da nau'in B, kashi 1.1 kuma da nau'in C. Maza sun fi mata, kashi 10.3 a kan 5.8. Idan aka sauƙaƙa lissafin, mutum ɗaya ne cikin kowane 12. A sahun sallar Juma'a guda ma za a sami da yawa. Wannan binciken dai ya sami ƙanjamau a kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49. Ke nan masu ciwon hanta sun ninka masu ƙanjamau fiye da sau biyar, alhali ƙanjamau yana da hukuma tasa, da asibitocinsa, da maganinsa kyauta, da dokar hana wariya ta 2014. Ban kawo wannan don a rage wa masu ƙanjamau komai ba. Abin da aka gina musu shi ne shaidar cewa ƙasar nan tana iya riƙe mai doguwar jinya idan ta yi niyya.

Akwai wani adadi da ya fi waɗannan tayar mini da hankali. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan masu sankarar hanta daga ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya da Gana da Kamaru da Sudan, ya nuna cewa a wajen Masar matsakaicin shekarun majiyyaci 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan an gano cutar. A Masar wata 11 ne. Ɗan shekara 46 shi ne mai gida da yara ke makaranta, shi ne mai ciyar da iyayensa. Wata biyu da rabi kuwa ko gonar da za a sayar don jinya ba a gama cinikinta ba.

3.0 Yadda cutar ke shiga gida

Ƙwayar nau'in B tana bin jini da ruwan saduwa. Tana iya zama da ranta a kan aska ko reza ko allura har kwana bakwai, ko da jinin ya bushe. Amma abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne shekarun da mutum ya kamu. Baligin da ya ɗauka, fiye da 95 cikin 100 jikinsu yana kore ta cikin wata shida. Jaririn da ya ɗauka daga uwarsa wajen haihuwa, kusan 90 cikin 100 za su zauna da ita har tsufa. Yaron da ya ɗauka kafin shekara biyar yana tsakanin waɗannan biyu. Saboda haka mafi yawan manyan da muke gani da cutar a yau tun suna goye ko suna rarrafe suka same ta, ko daga uwa, ko daga 'yan uwa ta hanyar gyambo da ƙuraje da ƙarfen da aka yi tarayya a kansa.

Wannan bayani shi ya kamata ya zama farkon abin da ake gaya wa jama'a, domin shi ke rushe zargi. An daɗe ana jera ciwon hanta cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, har mutane suka ɗauka duk wanda aka samu da shi ya yi abin kunya. Sai ka ga an tuhumi budurwa kan abin da ta ɗauka ranar da aka haife ta, ko miji da mata suna kallon juna da zato, alhali da an gwada mahaifiyar mai cutar da ƙannensa da an ga inda ta fito.

Ƙarfe yana taɓa jikin Bahaushe tun yana ɗan kwanaki: yankan cibi, cire beli, askin suna, tsaga, hujin kunne, kaciya ta gayya inda aska ɗaya ke bin yara da yawa, sai ƙaho da sakiya idan ya girma, da mai yankan farce da ke zagaya kasuwa da almakashi ɗaya, da allurar kemis. Wanzamai ba abokan gaba ba ne. Masu sana'a ne da ke da sarkinsu da ƙungiyoyinsu, kuma suna shiga gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Sabuwar reza ga kowane kai ba ta fi ƙarfin mai jego ba, kuma su kansu wanzaman su ne suka fi kowa buƙatar allurar rigakafi.

Abin da ba ya yaɗa cutar shi ma a faɗe shi da babbar murya. Ba a ɗauka ta gumi, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko cizon sauro. Uwa mai ɗauke da ita tana iya shayar da ɗanta, musamman idan an yi masa rigakafi.

4.0 Ranar da aka miƙa sakamako

Yawancin mutanenmu ba neman sanin lafiyar hantarsu ke kai su gwaji ba. Wani ya je ba matarsa jini ne aka ce jininsa ba zai yi ba. Wani aiki ya nema, ko tafiya ƙasashen Larabawa na yankin Gulf inda ake hana masu cutar takardar aiki. Wata awo ta je. Yanzu kuma ga aure: a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da rukunin jini na sikila da ciwon hanta B da C kafin ɗaurin aure a jihar Kano, dokar kuma ta haramta nuna wariya ga waɗanda aka samu. Manufar tana da kyau. Amma ta buɗe ƙofar da dubban matasa za su ji a karon farko cewa suna da ciwon hanta, ana saura 'yan makonni biki, an kai lefe, an raba goro.

Me ke faruwa a wannan ɗaki? Sau da yawa ma'aikacin ɗakin gwaji ya miƙa takarda, ya ce a je a ga likita, shi ke nan. Ba a ce wane likita ba, ba a ce nawa za a kashe ba, ba a ce mutuwa ce ko ba mutuwa ba. Wani lokaci ma takardar ba ta fara faɗawa hannun mai ita ba, sai waliyyi ko kawu ya riga shi gani. Kafin la'asar zance ya gama dangi. A gida a ware masa kwano da buta, yara a hana su hawa cinyarsa. Iyayen yarinya su ce a dawo da kaya.

Fasa irin wannan aure kuskure ne da ilimi ya riga ya warware. Sikila da ciwon hanta suna kan takarda ɗaya, amma hukuncinsu ya bambanta. Idan masu rukunin jini na AS biyu suka yi aure, babu allurar da za ta hana haɗarin haihuwar mai sikila. Ciwon hanta B kuwa yana da rigakafi tun farkon shekarun 1980. A gwada wanda ba shi da ita cikin ma'auratan, a yi masa allura uku, ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, fiye da 90 cikin 100 na masu lafiya za su sami kariya. 'Ya'yan da za a haifa kuma a yi musu tasu ranar haihuwa. Limamin da zai karɓi takardar kafin ya ɗaura aure ya kamata ya san wannan bambanci kamar yadda ya san sharuɗɗan sadaki, domin shi za a tambaya, kuma maganarsa ta fi ta likita nauyi a zauren ɗaurin aure.

Wanda likita bai yi wa bayani ba, wani zai yi masa. Motar mai magani tana tsaye a bakin kasuwa da lasifika, a rediyo ana sayen lokaci, a Facebook da TikTok ana nuna takardun waɗanda aka ce sun warke cikin kwana arba'in. Shi mai maganin yana da abin da asibiti ba ta bayar ba: yana zama da mutum, yana saurarensa, yana yi masa alkawari. Ina girmama ilimin itatuwa da kakanninmu suka bari, amma har yau babu wani sassaƙe ko jiƙo da aka tabbatar yana fitar da ƙwayar nau'in B daga jiki, wasu haɗe-haɗen kuma su ne ke ƙarasa hantar da ta riga ta raunana. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba ce.

Sai kuma dokokin abinci da ake ɗora wa majiyyaci: kada ya ci nama, kada ya ci mai, kada ya ci ƙwai, kada ya taɓa gishiri. Mutum lafiyayye ya rame cikin wata biyu, ramar kuma ta tabbatar wa dangi cewa ajali ya zo. Mai ɗauke da cutar da hantarsa ke aiki lafiya abincin gida zai ci. Abin da zai bari shi ne barasa, da shan magani barkatai, da hatsin da ya yi fumfuna. Rage gishiri na wanda ruwa ya taru a cikinsa ne, shi ma yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da kowa.

Abin da ya kamata ya biyo bayan sakamako sananne ne. A duba sinadaran hanta a jini, a ƙirga ƙwayoyin da ke daskarar da jini, daga waɗannan biyu ana fitar da lissafin APRI da ke nuna ko hanta ta fara tabo, kuma babban asibitin ƙaramar hukuma yana iya yin sa. A yi hoton ciki. Inda hali ya yi a auna yawan ƙwayar cutar a jini. A gwada ƙanjamau da nau'in C. A kira mata ko miji, da 'ya'ya, da 'yan uwa ciki ɗaya, a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Wasu za a ɗora su a kan magani, wasu za a ce su riƙa dawowa ana dubawa. Wanda hantarsa ta ƙeƙashe, ko aka taɓa yin sankarar hanta a danginsa, a riƙa yi masa hoto duk wata shida. Wannan bayanin duka zai shiga bayan takardar sakamakon da Hausa, da boko da ajami, tare da sunan asibiti mafi kusa da ranar da ake ganin masu ciwon hanta. A ganina duk ɗakin gwajin da aka ba izinin yin gwajin aure ya kamata a ɗora masa wannan sharaɗi.

5.0 Magani da kuɗinsa

Nau'in C yana warkewa. Ƙwayoyin sofosbubir da daklatasbir na mako 12 suna warkar da fiye da 95 cikin 100. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da shi, ta ƙaddamar da gangami a 2018 ta gwada mutum sama da miliyan 50, ta ba waɗanda aka samu magani kyauta, a watan Oktoban 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar, ita ce ƙasa ta farko da ta samu. Abin lura a aikin Masar shi ne ba ta raba gwaji da magani ba. A nan kusa, jihar Nasarawa ta ƙaddamar da nata shirin kawar da nau'in C a 2020.

Nau'in B ba a kai ga maganin da ke fitar da shi gaba ɗaya ba, amma tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya kullum, suna danne shi, su tsayar da lalacewar hanta, su rage haɗarin sankara sosai. Shirin PROLIFICA ya nuna a Gambiya cewa ana iya bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye a yi gwaji, a kai waɗanda aka samu asibiti, a riƙe su a kan magani. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, ta yadda ko inda babu na'urar auna yawan ƙwayar cuta ana iya yanke hukunci da gwaje-gwaje masu sauƙi. Na'urar ma ba baƙuwa ba ce: GeneXpert da aka raba wa asibitoci domin tarin fuka tana iya wannan awo idan an sayi kayan aikinsa.

A 2024, farashin tenofobir a kasuwar duniya, idan an saya da yawa, dala 2.4 ne na wata guda. Maganin nau'in C na mako 12 dala 60 ne. Majiyyacinmu ba ya ganin wannan farashi, domin shi kaɗai yake shiga kantin magani ya saya da kuɗin aljihunsa, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Wanda ke da ƙanjamau haɗe da ciwon hanta yana samun tenofobir kyauta cikin maganin ƙanjamau. Maƙwabcinsa mai ciwon hanta kaɗai sai ya saya. Haɗarin da ke nan babba ne, domin wanda ya sha wata uku ya tsaya saboda kuɗi ya ƙare, cutar tana iya taso masa da ƙarfin da zai kai hanta ga gazawa. Fara wa talaka wannan magani ba tare da tabbacin na wata mai zuwa ba ganganci ne.

Masu shan maganin suna yawan tambaya a kan azumi. Wanda hantarsa ke lafiya yana iya mayar da ƙwayarsa lokacin sahur ko buɗa baki. Wanda ruwa ya taru a cikinsa, ko ya taɓa aman jini, yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwame, kuma zai fi natsuwa idan malami da likita suka gaya masa da baki ɗaya.

6.0 Gyaɗa da masara

Ba zan wuce ban taɓo rumbu ba. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo masu yawa a Ingila a 1960. Ita kaɗai tana jawo sankarar hanta, idan kuma ta haɗu da ƙwayar nau'in B haɗarin yana ninkuwa sau da dama. A wurare da yawa gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa, ƙwayar da ta yi baƙi ta koma ƙuli-ƙuli da tunkuza da miyar gida. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba. Shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, da tsince ɓatattun ƙwayoyi a zubar, aikin malamin gona ne da ya shafi hanta kai tsaye, amma da wuya ka ga an gayyato shi taron lafiya.

7.0 Awa 24 na farko

Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara a 2004, daga 2012 kuma yana cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Sai dai waɗannan ba sa tare cutar da jariri ya ɗauka wajen haihuwa. Mai tare ta ita ce allurar da ake yi cikin awa 24 na farko, kuma duk jinkirin kwana yana rage amfaninta. Idan aka gwada uwa a wajen awo aka ga ƙwayar tana da yawa a jininta, ana ƙara ba ta tenofobir a watannin ƙarshe na ciki. Sin ta rage yawan cutar a yara 'yan ƙasa da shekara biyar daga kusan kashi 10 cikin 100 a 1992 zuwa ƙasa da kashi 1 a 2014, kuma allurar ranar haihuwa ce ginshiƙin aikin. A yankin Afirka kuwa jarirai 18 cikin 100 ne suka same ta a 2022.

Binciken lafiyar iyali na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuma kashi 16 ne kawai. Jaririnmu a ɗaki ake haifarsa, da dare ko da asuba, a hannun ungozoma ko kaka. Mai jego ba ta fita kafin suna, wata ma sai ta yi arba'in. Ko wadda ta haihu a asibiti ranar Asabar, ana iya ce mata ta dawo ranar allura, ko a ƙi buɗe kwalba mai ɗauke da allurar yara goma saboda yaro ɗaya, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ci gaba da amfani da kwalbar da aka buɗe har kwana 28 idan an adana ta yadda ya kamata. Wannan gyara ba ya buƙatar kuɗi, umarni kawai yake buƙata: a ajiye allurar a ɗakin haihuwa, ungozomar asibiti ta yi ta da kanta kowace rana.

Haihuwar gida ita ce babban aiki, kuma mun taɓa yin irinsa. A yaƙin shan inna, bayan tsaikon rigakafin da aka samu a 2003 da raunin amana da gwajin maganin Trovan na 1996 ya bari a Kano, an koma ga sarakuna. An kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka sa masu unguwanni da mata masu shiga gida-gida suna bin sababbin haihuwa, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Labarin haihuwa ba ya ɓuya a unguwar Hausawa. Uban jariri yana faɗa a masallaci bayan sallar asuba, mata suna shiga barka kafin hantsi. Abin da ya rage shi ne wannan labari ya isa kunnen ma'aikaciyar lafiya kafin rana ta faɗi, ita kuma ta zo gidan. Allurar tana jure zafi fiye da yawancin alluran yara, ƙanƙara ce ma ke lalata ta, kuma Indonesiya ta daɗe tana ba ungozomomin ƙauye ita a cikin sirinji mai ɗauke da ta yaro ɗaya suna kai wa gidajen masu jego.

8.0 Waɗanda ke ɗauke da ita, da masu jinyarsu

Kowace ranar 28 ga Yuli, ranar haihuwar Baruch Blumberg wanda ya gano ƙwayar nau'in B a shekarun 1960, ana yin tattaki, a yi gwaji kyauta, a yi hira a rediyo. A 2016 ƙasashen duniya sun amince a rage sababbin kamuwa da kashi 90 cikin 100, mace-mace da kashi 65, kafin 2030. A yawancin waɗannan taruka likitoci ne ke magana, masu cutar suna can baya ko ma ba su zo ba. Danjuma Adda, ɗan jihar Taraba, ya fito fili ya ce yana ɗauke da nau'in B, ya kuma kai ga shugabancin Ƙawancen Duniya na Masu Ciwon Hanta. Saurayin da aka fasa aurensa jiya yana buƙatar ya ga irin wannan mutum, mai iyali da aiki, ya ji daga bakinsa. Kowane asibitin da ke ganin masu ciwon hanta ya kamata ya ware ɗaki da rana da tsofaffin majiyyata za su zauna da sababbi, maza daban mata daban, kamar yadda aka yi wa masu ƙanjamau, kuma a biya su ɗan abin mota.

Waɗanda aka makara a kansu su ma suna da haƙƙi. Dashen hanta galibi sai an fita Indiya ko Masar, kuma 'yan kaɗan ne ke da wannan hali. Amma zuƙe ruwan ciki don mutum ya sami numfashi, da maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da gaya wa iyali gaskiya don kada su sayar da gona ta ƙarshe, duk ana iya yin su a babban asibiti. Idan hanta ta gaza, gubar da take tacewa tana hawa kai, majiyyaci ya rikice, ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, yana faɗin abin da ba a gane ba. Iyali su ce sammu ne ko iska, su ɗauke shi daga asibiti, alhali akwai maganin ruwa mai arha da ke sassauta wannan hali. Matar da ke jinya, wadda ke wanke jini da hannunta, a gwada ta, a yi mata rigakafi, a ba ta safar hannu.

Kuɗin fa? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu, jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Gwajin hanta ga kowace mai ciki, da gwajin jini sau biyu a shekara ga mai ɗauke da cutar, da tenofobir, su shiga jerin abin da waɗannan asusu ke biya. Jihohin Arewa maso Yamma bakwai kuma su haɗa odarsu wuri ɗaya domin su kusanci farashin duniya. Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Sakkwato da Kano, sun saba biyan kuɗin aiki da na gado idan ciwo ya yi tsanani. Ina roƙon su buɗe wani babi na masu shan magani kullum, domin a farashin dala 2.4 a wata, maganin mutum ɗaya na shekara guda bai kai dala 30 ba.